Darasi: Yadda Mazaunin Hita Ke Sauya Aikin Na'urar Turara Busasshen Ganye

Na'urori biyu za su iya nuna lamba ɗaya a fuskarsu, a ce digiri 190. A zuba musu ganye iri ɗaya, nauyi ɗaya, a ba su minti biyar. Da aka zazzage, sai a tarar na farko ya yi ƙanzo a gefe, tsakiyarsa kuwa kore shar kamar ba a taɓa shi ba. Na biyu ya yi ruwan ƙasa bai-ɗaya daga sama har ƙasa. Mai karatu zai iya zaton ɗaya daga cikinsu jabu ce, ko batirinta ya yi sanyi. Sau da yawa dukkansu lafiyarsu ƙalau. Bambancin yana wurin da aka dasa hita a cikin kowacce, da nisan da ke tsakaninta da ganyen, da hanyar da iska ke bi, da kuma wurin da aka liƙa sensar da ke auna zafin.

Wannan darasi zai bi waɗannan abubuwa ɗaya bayan ɗaya, tare da misalan na'urorin da ke kasuwar duniya da ɗan lissafi mai sauƙi.

Mece ce wannan na'ura?

Ita ce wadda a kasuwa ake kira befaraiza ta busasshen ganye. Ta bambanta da sigarin lantarki mai ruwa, wanda waya ke dafa ruwan da auduga ta tsotsa. A nan ganye ne ake niƙawa a zuba a wani ɗan kasko, a gasa shi har man da ke jikinsa ya tashi a matsayin tururi, ba tare da ganyen ya kama wuta ba. A ƙasashe irin su Jamus da Kanada likitoci na amfani da irinta ga majinyatan da aka rubuta wa wiwi a matsayin magani. Kamfanonin taba ma sun ɗauki fasahar, akwai kuma masu turara ganyayen ƙamshi kamar na'a-na'a.

Wahalar aikin tana cikin ƙuncin tazarar da ake da ita. Sinadarin da ke ba ɓawon lemo ƙamshi yana tafasa a digiri 176. Na na'a-na'a yana tafasa a ɗan sama da 210, kodayake dukkansu suna fara tashi tun kafin a kai nan. Da an wuce wajen digiri 230 kuwa, ganye ya fara babbakewa, tururi ya fara zama hayaƙi. Bakin sigari mai ci yakan kai digiri 800 zuwa 900 a lokacin zuƙa. Ke nan na'urar tana da filin da bai wuce digiri 60 zuwa 70 ba, kuma ana so kowane ɓarɓashin ganye da ke cikin kaskon ya zauna a cikin wannan fili. Wanda ya yi ƙasa an yi asararsa. Wanda ya yi sama ya koma hayaƙin da aka sayi na'urar don a guje masa.

Hanyoyi uku da zafi ke bi

Hanya ta farko ita ce zafin taɓawa, wanda masana ke kira kondokshin. Abu mai zafi ya taɓa mai sanyi, zafi ya ratsa. Haka tukunya ke dafa tuwo, haka kuma take yin ƙanzo a gindi idan an bar tuƙi.

Ta biyu ita ce zafin iska, wato konbekshin. Ana zafafa iska a wani wuri, ita kuma ta ɗauki zafin ta ratsa abin da ake son dafawa. Madambaci misali ne mai kyau: dambu ba ya taɓa gindin tukunya, tururi ne ke hawowa ta ƙofofi ya bi ta tsakanin tsakin.

Ta uku ita ce huci. Mai tsire yana kafa tsinkayensa kewaye da wuta, nama bai taɓa garwashi ba, amma ɓangaren da ke kallon wutar yana gasuwa, sai an juya sannan ɗaya ɓangaren ya samu. Huci yana ƙaruwa da sauri sosai idan zafi ya hau. Ƙarfen da ke digiri 400 yana fitar da huci kusan ninki huɗu na wanda ke digiri 200.

Babu na'urar da ke aiki da hanya ɗaya tak. Mazaunin hita shi ke tantance wacce za ta rinjayi sauran.

Akwai kuma wani abu game da ganyen kansa da ya kamata a riƙe. A ma'aunin da ake gwada saurin ratsawar zafi, jan ƙarfe yana da kusan 400, alminiyam 237, ƙarfen da ba ya tsatsa wajen 15, gilashi wajen 1, iska kuwa 0.026 kacal. Niƙaƙƙen busasshen ganye rabinsa iska ce da ta maƙale a tsakanin ɓarɓashi, don haka zafi ba ya ratsa shi da sauƙi. Dalilin da ya sa ɗakin jinka ya fi na kwano sanyi da rana ke nan. Duk matsalar da za a gani a ƙasa daga nan ta samo asali.

Mazauni na farko: hita a gindin kasko

Wannan shi ne tsari mafi arha. A na'urori masu siffar biro da suka cika kasuwa a shekarun baya, wata naɗaɗɗiyar waya ce a gindin kaskon, ganye na zaune a kanta kai tsaye. Idan aka danna maɓalli wayar takan yi ja. Ƙarfe ba ya fara yin ja a ido sai ya haura digiri 500, wato ninki biyu na inda ganye ke fara babbakewa. Irin wannan na'ura ƙona ganye take yi, ko me aka rubuta a kwalinta.

Akwai waɗanda suka gyara tsarin. Magic-Flight Launch Box, wani ɗan akwatin katako da aka fara ƙerawa a San Diyego ta Amurka a 2009, ya mayar da ragar ƙarfen da ganye ke kwance a kai ta zama ita ce hitar. Ragar tana da faɗi, an lanƙwasa ta kamar kwalbati, ganyen yana shimfiɗe a kai ba a tule ba. Tana ɗaukar zafi cikin 'yan daƙiƙu da batir ƙwaya ɗaya. Duk da haka sai mai amfani da ita ya riƙa girgiza akwatin bayan kowace zuƙa, domin ɓarɓashin da ke ƙasa ya hau sama. Aikin mai suyar gyaɗa ne: in ya daina juyawa, ta ƙasa ta ƙone ta sama tana ɗanya.

Mazauni na biyu: hita kewaye da kasko

A nan ana naɗe jikin kaskon da siririyar hita, ko a gina wayar a cikin bangon tangaran, sai zafi ya shigo ta kowane gefe. PAX, wadda kamfanin James Monsees da Adam Bowen ya fitar a 2012, ita ce sananniya a wannan tsari. Amfaninsa a bayyane yake: na'urar tana da ƙanƙanta, ba ta bukatar wata gwaninta wajen zuƙa, tururin kuma yana da kauri tun daga farko.

Matsalarsa tana tsakiya. Lokacin da zafi ke ɗauka kafin ya ratsa abu yana tafiya ne da nisa sau nisa. Idan aka ninka faɗin kasko sau biyu, zafi zai ɗauki ninki huɗu na lokacin kafin ya isa tsakiya, kuma duk wannan jira ganyen da ke jingine da bango yana gasuwa. Shi ya sa kaskon irin waɗannan na'urori yake zama siriri ko mai tsawo, ba a cika yin sa da faɗi kamar kofi ba. Shi ya sa kuma ake so a niƙa ganyen da laushi a danna shi, domin a kori iskar da ke tsakani. In aka zuba rabi, ganyen zai riƙa yawo ba ya manne da bango. Kamfanin PAX har wani murfi na musamman ya ƙera mai danna ganye idan kaskon bai cika ba.

Matsala ta biyu ita ce gasawar ba ta tsayawa. Ko ana zuƙa ko an ajiye na'urar ana hira, bango yana nan da zafinsa, mai yana tashi yana salwanta. Daga PAX 2 ta 2015 an rage wannan da manhaja: akwai sensar da ke gane leɓe ya taɓa bakin na'urar, da wata mai gane motsi. In an ajiye ta, sai manhajar ta sauke zafin. Wato lahanin da mazaunin hita ya jawo, da kod aka toshe shi.

Mazauni na uku: hita a tsakiyar ganye

Kamfanin Philip Morris ya bi akasin wancan a IQOS, wadda ya fara sayarwa a Nagoya ta Japan da Milan ta Italiya a 2014. Wata siririyar hita ce mai kama da bakin wuƙa take shiga tsakiyar karan taba, zafi ya fito daga ciki zuwa waje. Ribar ita ce tabar da kanta ta zama bargo. Zafin da a wancan tsari zai tsere ta bango zuwa hannun mutum, a nan sai ya bi ta cikin ganye tukuna.

Amma fuskar wuƙar ƙarama ce. Domin ɗan ƙaramin wuri ya ciyar da dukkan karan, dole ya yi zafi sosai, har zuwa digiri 350. Abin da ke manne da ita yakan yi baƙi, datti yana taruwa a kanta, kuma wajen gogewa takan karye. A 2021 kamfanin ya fitar da samfurin Iluma wanda babu wuƙa a cikinsa. An saka ɗan siririn ƙarfe a cikin kowane kara, na'urar kuma tana zafafa shi daga waje da maganaɗisun lantarki. Hitar tana nan a tsakiya, sai dai yanzu ana jefar da ita tare da karan. Abokin hamayyarsu, glo na kamfanin British American Tobacco, ya zaɓi zafafa karan ta kewaye. Kaya iri ɗaya, kasuwa ɗaya, mazauni biyu.

Mazauni na huɗu: hita a kan hanyar iska

A wannan tsari hitar ba ta taɓa ganye ko kaɗan. Tana gaba da shi a kan hanyar iska. Volcano, wadda Markus Storz ya ƙera a garin Tutilingen na Jamus kuma ta shiga kasuwa a 2000, ita ce uwar wannan gida. A cikinta akwai dunƙulen alminiyam mai zafi. Famfo yana tura iska ta cikinsa, iskar ta hau ta ratsa kaskon da ke sama, tururin ya taru a wata leda mai kama da balan-balan. Samfurinta na asibiti, Volcano Medic, ya samu lasisin kayan aikin likita a 2010.

Tunda iska tana shiga tsakanin ɓarɓashi, rashin ratsawar zafi ya daina zama matsala. Ganye yana gasuwa ne kawai lokacin da iska ke tafiya, don haka ƙamshinsa ya fi daɗewa. Sai dai tsarin ya zo da nasa sharuɗɗan.

Na ɗaya, a na'urar hannu wadda babu famfo, huhun mutum ne famfon. Firefly 2 ta 2016 misali ce: waya ce a ƙarƙashin kaskon gilashi, tana zafafa cikin 'yan daƙiƙu. Wanda ya ja da ƙarfi zai wuce da iska kafin ta ɗauki zafi, ya samu tururi kaɗan. Wanda ya ja a hankali sosai zai sa iskar ta daɗe a kan wayar, ta iso da zafin da ya wuce kima. Saurin zuƙa ya zama wani maɓallin zafi da ba a rubuta shi a jikin na'urar ba.

Na biyu, iska kamar ruwan sama take, inda ya fi sauƙi take bi. In aka danna ganye da ƙarfi, za ta huda hanya ɗaya ta yi ta bi, wurin ya yi duhu, sauran ya zauna kore. Don haka ƙa'idar a nan ta juye: niƙa matsakaici, zubi sakwa-sakwa.

Na uku, nisa. Kowace santimita tsakanin hita da kasko bango ne da ke shan zafin iskar. Dole hitar ta fi zafin da ake nema a kasko, kuma zuƙar farko takan zo da rauni saboda bangon bai ɗumama ba tukuna.

Ko a cikin wannan gida akwai bambanci tsakanin sama da ƙasa. In hita tana ƙasa, ɓarɓashi na iya faɗowa kanta ya ƙone, sai an sa raga, ita kuma raga tana toshewa. Na'urar tebur mai suna Silver Surfer ta karkatar da sandar hitarta ne domin ganye ya daina zubowa a kai. Wasu na'urorin zamani sun ɗora hitar a sama ɗungurungum: wani kan ƙarfe ne cike da ƙananan duwatsu masu santsi, ana zafafa shi a ɗora a bakin kasko, iska ta bi ta tsakanin duwatsun ta sauko. Duwatsun suna ajiye zafi kamar yashin suyar gyaɗa, don haka ko an ja da ƙarfi iskar ba ta hucewa. Farashin wannan shi ne jiran mintoci kafin ya yi zafi, da dogaro da wutar soket, da kuma ƙarfe mai ƙuna a fili wanda zai iya ƙona hannu ko tebur.

Mazauni na biyar: gauraye

Mafi yawan na'urorin hannu masu tsada sun haɗa biyu. A Mighty, wadda kamfanin Storz & Bickel ya fitar a 2014, hitar tana daf da ƙarƙashin kasko. Tana zafafa iskar da ke wucewa, tana kuma ɗumama bangon kaskon. Bango ya riƙe ganye a kusa da zafin aiki, iska ta ƙarasa. A Solo ta kamfanin Arizer na Kanada, ana cusa ganyen a bakin bututun gilashi, a zura shi cikin murhun ƙarfe. Gilashin ya shiga tsakanin ganye da ƙarfe, ya rage ƙanzo, iska mai zafi kuma ta shigo ta ƙofofin gindi. Irin waɗannan sun fi yafe wa mai amfani kuskurensa na niƙa ko na zuƙa, amma sun gaji kaɗan daga lahanin kowane ɓangare: ganye yana ɗan gasuwa ko ba a zuƙa, na'urar kuma ta fi girma.

Abin da batir ke biya

Ga lissafi mai sauƙi. Lita ɗaya ta iska tana da nauyin giram 1.2. Ɗaga zafin giram ɗaya na iska da digiri ɗaya yana cin kusan jul 1. Daga digiri 30 zuwa 200 akwai 170. Ke nan 1.2 sau 170, wato jul 204 a kowace lita. In an ja litar cikin daƙiƙa 10, hitar na bukatar wat 20, ban da abin da ke salwanta a bango.

A ɗaya ɓangaren, a ɗauka kaskon ƙarfe ne mai giram 10. Ƙarfe yana cin kusan rabin jul a kowane giram a kowane digiri: 10 sau 0.5 sau 170, jul 850 ke nan kafin a fara komai. Shi kuwa ganyen, giram 0.2, har da busar da danshinsa bai kai jul 150 ba. Wato mafi yawan wutar batir ba ganye take gasawa ba, ƙarfe da iska take zafafawa.

Batir samfurin 18650 mai 3000mAh yana ɗauke da kusan jul 39,000. Na'urar zafin taɓawa tana tsotsarsa kaɗan-kaɗan na tsawon mintoci, ana zuƙa ko ba a zuƙa. Ta zafin iska tana barinsa ya huta, sannan ta fizge shi da ƙarfi na 'yan daƙiƙu. Jimillar na iya zama kusa da juna, amma ta biyun tana bukatar batir mai iya sakin wuta da yawa lokaci guda. Batirin da aka ciro daga tsohuwar kwamfutar cinya ba a yi shi don wannan ba, zai yi zafi, kuma haɗari ne.

Sensa da manhaja: wa lambar ke magana a kai?

Wanda ya saba rubuta kod zai gane wannan ɓangare da sauri. A cikin na'urar akwai ƙaramar kwamfuta da ke maimaita aiki uku sau da yawa a kowace daƙiƙa: ta karanta sensa, ta gwada da lambar da aka zaɓa, ta ƙara ko ta rage wutar hita. Masu arha kunna-kashe kawai suke yi, irin na dutsen guga mai ƙara "ƙas". Masu inganci suna amfani da lissafin da ake kira PID, wanda ke yin tambaya uku: saura nawa a kai, tun yaushe ake bin wannan bashi, kuma da wane sauri ake tunkarar wurin.

Duk kyan lissafin, abin da sensa ta faɗa da shi yake aiki. In an liƙa ta a jikin hita, labari yana zuwa da wuri, sarrafawa ta yi sauƙi, amma zafin hita take faɗa, ba na ganye ba. In an kai ta kusa da kasko, ta fi kusa da gaskiya, amma labarin yana isowa a makare. Kafin ta ce "an kai", hitar ta riga ta tara zafin da zai wuce da kaskon sama. Kamar buga wasa ne a intanet mai jinkiri: abin da ke kan allo ya riga ya faru. Babu mai iya saka sensa a cikin kowane ɓarɓashi, don haka kamfanoni sukan gwada a ɗakin bincike su saka gyara a manhajar, kowanne da nasa. Dalilin da ya sa 190 na wannan na'ura ba 190 na waccan ba ne ke nan.

DynaVap ta jihar Wiskonsin a Amurka ta nuna wannan a fili, duk da babu batir ko manhaja a cikinta. Bututun ƙarfe ne mai hula, ana gasa hular da ƙaramar wutar gas. A can ƙarshen hular akwai ɗan faifan ƙarfe da ke yin ƙara idan ya kai wani zafi, shi ne sensar. In aka riƙe wutar kusa da ƙarshen, ƙarar tana zuwa da wuri, ganye bai gama ɗaukar zafi ba, tururin ya zo da sauƙi. In aka matsar da wutar ƙasa, nesa da faifan, zafi zai ɗauki lokaci kafin ya isa gare shi, kafin nan ganyen ya gasu sosai. Na'ura ɗaya, sensa ɗaya, matsar da wuta da 'yan milimita ya sauya sakamako.

Abin da ke maƙwabtaka da hita

A tsarin zafin iska, duk abin da ke kusa da hita iskar tana wucewa ta kansa kafin ta shiga ƙirji. In akwai dalma, ko gam, ko roba mai arha, ko allon lantarki a kan hanyar, abin da zafi ya tayar daga jikinsu yana biyo iskar. Shi ya sa masu ƙera na ƙwarai ke ware hanyar iska daban, su yi ta da gilashi ko tangaran ko ƙarfen da ba ya tsatsa.

Nisan hita da baki ma abin dubawa ne. PAX ta sa kaskonta a gindi, bakin zuƙa a sama, tsawon jikin na'urar ya zama wurin hucewar tururi. Mighty ta sa nata a sama, sai ta ɗora masa wani murfi mai lanƙwasassun hanyoyi don ya sanyaya tururin. Haka nan nisan hita da batir: batirin litiyam yana saurin tsufa a zafi, kuma a garin da rana ke haura digiri 40, na'urar da hitarta ke manne da batir ta fara aiki ne da bashi.

Yadda ake karanta ganyen da aka gama

Ba sai an kwance na'ura ba kafin a san inda hitarta take. Ganyen da aka zazzage yana ba da labari:

1. Gefe ya yi duhu, tsakiya kore: hita tana kewaye, kaskon ya yi faɗi ko ba a danna ba.
2. Ƙasa baƙi, sama kore: hita tana gindi, ana bukatar juyawa.
3. Tsakiya baƙi, gefe da haske: hita tana tsakiya.
4. Tabo ɗaya mai duhu, sauran kore: iska ta huda hanya, an danna da yawa.
5. Ruwan ƙasa bai-ɗaya: zafi ya rabu daidai.
6. Toka ko baƙin gawayi: an ƙona, lambar da ke fuskar na'urar ba gaskiya ta faɗa ba.

Wannan karatu yana aiki har a kan kaskon turaren wuta na lantarki da ke gidaje da yawa. Shi ma faranti ne mai hita a gindi. In turare yana saurin ƙauri, ƙanzo ne irin na lamba ta 2, kuma maganinsa shimfiɗa turaren da faɗi maimakon tulawa, ko rage wuta idan kaskon yana da wurin ragewa.

Doka da lafiya

Rashin hayaƙi ba ya nufin rashin illa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha nanata cewa tabar da ake gasawa tana ɗauke da sinadarai masu guba da nikotin mai kama mutum, kuma ba ta amince cewa an tabbatar ta fi sigari aminci ba. Ganyen ƙamshi ma ba kowanne ne huhu ke ɗauka ba, musamman ga mai asma. Ita kuwa wiwi, halaccin da aka ba ta a Kanada ko Jamus ya tsaya a can. A Najeriya mallakarta laifi ne da hukumar NDLEA ke kama mutum a kai, ko da wace na'ura aka same shi.

Aikin gida

Na'urar Venty da Storz & Bickel suka fitar a 2023 tana iya wuce da iska har lita 20 a minti ɗaya. Mai karatu ya yi amfani da jul 204 na kowace lita ya lissafa wat nawa hitar ke bukata don ta riƙe digiri 200 a wannan sauri. Amsar za ta zo wajen wat 68. Sannan ya raba wannan da bolt 3.6 na batir ɗaya, ya ga amfiya nawa ke nan, ya gwada da amfiya 2 da cajar waya ta gama-gari ke bayarwa. Daga nan zai fahimci dalilin da ya sa na'urorin zafin iska masu ƙarfi suke da nauyi a hannu, da kuma dalilin da ya sa ya kamata a yi shakkar duk wata 'yar siririya mai arha da aka rubuta "konbekshin" a kwalinta.